Amsa: wane amalanke ya dace da ɗauko naman farauta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baro zai ishe ka ɗauko babban nama daga dajin Tahoua. Ba zai ishe ka ba. Tayarsa ɗaya ce, da ta shiga rairayi sai ta nutse, nauyin duka ya koma hannunka. Nemi amalanken jaki mai taya biyu na tsohuwar mota, masu faɗi, kuma kada gadonsa ya yi tsawo, don mutum biyu su iya ɗora dabbar. Ƙayar aduwa kuwa ba ta raga wa taya, na sha faci a daji, saboda haka tafi da famfo. Ka feɗe naman tun a can, zafinmu yana saurin ɓata shi. Takardar izinin ma'aikatan gandun daji ma ta kasance a aljihunka.