Amsa ga Hajiyar da ke tambaya kan wasan Gizo da zai zo Jos

Hajiya, barka da war haka. Kin ce kin ga ana ta cacar baki kan wasan Gizo mai waƙa da rawa da zai zo Jos, wasu na cewa armashinsa ya ragu tun da ya baro Legas, wasu na kukan an canja jarumin, shi ne kike tambaya ko ya kai ki sayi tikiti ki kai yaranki biyu, mai shekara biyar da mai tara. Na kalle shi a Legas lokacin da aiki ya kai ni, na sake kallonsa a Abuja da nawa yaran. Kuma zamanin ina ɗalibi a Jos na daɗe ina jan waya da ɗaura fitilu a bayan dandamali, don haka idona kan sauka a inda na sauran 'yan kallo bai cika zuwa ba.

Ki kai su. Amma kafin ki biya, ki binciki zauren da za a yi wasan da kuma kujerar da za a ba ki, domin a nan daɗin kallon yake. Maganar wa ya fito a Gizo tana bayan wannan.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne wurin tashi sama. Kin san tatsuniyar: hankaki sun ara wa Gizo gashin fiffike, kowa ɗaya, suka tafi da shi cin ɓaure a tsakiyar kogi, haɗama ta sa ya hana su ci, kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan bishiya. A Legas da igiyar ƙarfe aka ɗaga Gizo, ya yi shawagi a saman dandamali, zaure ya ɗauki sowa. Wannan ɗan guntun bidiyon ne ya zagaya wayoyin mutane, shi ya sa duk wanda ya sayi tikiti a Abuja shi ya je gani, bai kuwa gan shi ba.

Ba rowa ce ta hana ba. Legas tana da wuraren da aka gina domin wasa, irin su babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 gabanin bikin FESTAC na 1977, da zauren MUSON a Onikan, da na Terra Kulture da aka buɗe a 2017 mai cin mutum wajen 400. A Abuja kuwa yawancin manyan wasanni a zaurukan taro da na otal ake yin su. Daɓen a shimfiɗe yake, silin a kusa, babu lungun da 'yan wasa za su laɓe a gefe, babu ƙarfen sama da aka auna zai ɗauki nauyin mutum. Duk daraktan da ya rataya ɗan mutane a jikin silin ɗin otal, to ba a kansa yake ba. Ga kuma hanya. Kayan nan sai sun shiga mota sun yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Abuja, daga nan su bi Keffi da Akwanga su hau Hawan Kibo kafin su shigo Jos. Sau da yawa ma ba a ba ma'aikata zauren sai daren jajibiri, saboda akwai biki a ciki. Abin da ba zai haɗu cikin 'yan sa'o'i ba, a gida ake barinsa.

To me suka yi a madadin igiyar? Masu rawa ne suka fito a hankaki, baƙaƙen kaya da farin ƙirji, suka ɗauki Gizo a kafaɗa suna juyi da shi, wasu kuma suna kaɗa dogon shuɗin ƙyalle a ƙasa a matsayin kogi. Da ya yi musu butulci, sai kowane hankaka ya matso ya fizge gashinsa, Gizo na raguwa a hannunsu kaɗan-kaɗan har ya zube cikin ƙyallen. Yaran da ke zauren suka kama ƙirga gashin da ƙarfi, babu wanda ya sa su. Ni dai wannan ya fi mini na Legas. A can kowa igiya yake kallo yana addu'ar kada ta tsinke, labarin haɗamar ya bi iska. A nan kuwa ƙaramar 'yata da kanta ta faɗa mini dalilin faɗuwar Gizo a hanyarmu ta komawa gida.

Inda na bi bayan masu suka wuri biyu ne. Na farko katon allon nan na LED da aka kafa a baya. An bar bishiyar ɓauren katako a Legas, aka maye gurbinta da hoto mai motsi. Allon ya fi fitilun gaba haske, sai fuskokin 'yan wasa suka yi duhu, kuma yaro ba zai bar katun mai motsi ya kalli mutum yana magana ba. Da sun rage haskensa sun tsayar da hoton cak, da an huta.

Na biyu ya fi ci mini rai, wato kiɗa. A Legas makaɗa suna zaune a gefe, da kalangu da gurmi da sarewa da jita. A rangadin nan an naɗi kiɗan a kwamfuta, mutum ɗaya ke danna shi. Na san dalili, kowane makaɗi kuɗin mota ne da ɗaki da abinci. Amma ki tuna mai kalangu a gidan biki: ƙafar mai rawa yake kallo, in ta yi sauri ya bi ta, in ta tsaya yin yanga ya jira ta. Kwamfuta ba ta jiran kowa. Akwai inda Gizo ya yi wata magana yara suka kwashe da dariya, maimakon a bar su su gama, kiɗan ya riga ya shiga baiti na gaba, dole ya bi, rabin baitin ya nutse cikin dariyar. Ko mai kalangu ɗaya suka ɗauko a gari, kuma Jos ba ta rasa su ba, da wasan ya yi numfashi.

Sai maganar jarumi, wadda ita ce ta fi zafi a bakin mutane. Wanda ya buɗe wasan a Legas fitaccen ɗan fim ne, kuma ba zan rage masa komai ba, yana da jinin mutane, fitowarsa kaɗai tana sa a tafa. Sai dai fim daban, daɓe daban. A finafinanmu mawaƙi ne ke shiga situdiyo ya rera, jarumi ya zo ya yi mamin, in an yi kuskure a yanke a sake. Kyamara ce ke matsowa ta ɗauko ɗaga girarsa. A dandamali babu yankewa, mutum zai yi kusan awa biyu yana tsalle yana waƙa da maƙogwaronsa, kuma sai wanda ke sahun ƙarshe ya gane fushi yake ko tsoro. A Legas kafin a je hutun tsakiya numfashinsa ya fara gaza masa, na kuma ji muryar da aka naɗa tana tallafa masa daga ƙasa. Wanda bai taɓa zama kusa da na'urar sauti ba ba lallai ya lura ba.

Yaron da ya karɓe shi ba a san fuskarsa ba, amma daga takunsa kin san a daɓe ya tashi. Gizo ba ya cika Gizo sai da tsamin baki, kuma wahalar ita ce a yi tsamin bakin cikin waƙa ba tare da kalmomin sun cakuɗe ba. Ya yi, har na baya suna ji. Da ya ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” ya ji amsar ba ta yi ƙarfi ba, sai ya kama kunne ya juya baya kamar zai koma, yara suka kwarara “Ta zo mu ji ta” har sai da iyaye suka yi dariya. Irin wannan ba a koyonsa a gaban kyamara.

Canjin ɗan wasa ba abin kunya ba ne a wannan sana'a. A Landan da New York sau takwas ake yin babban wasa a mako, kowane babban ɗan wasa yana da ɗan ko-ta-kwana da zai maye gurbinsa, kuma a Landan in gurbin yaro ne yara uku ko huɗu kan yi karɓa-karɓa saboda doka ta iyakance lokacin aikinsu. Bambancin shi ne can ana sanar da mai kallo tun daga bakin ƙofa. A nan kuwa har ranar wasan Abuja hoton ɗan fim ɗin ne a jikin fosta. Wanda ya biya kuɗi domin ya ga wane, ya zo ya tarar da wani, yana da gaskiyar yin fushi, kuma masu shirya wasan ya kamata ya yi wa, ba yaron da ya zo ya yi aikinsa ba. Na ji wasu a bayana suna ta guna-guni tun kafin ya buɗe baki, abin bai yi mini daɗi ba.

Ina ganin ma 'yan Jos za su fi na Abuja yi masa adalci. Garin da marigayi Ɗan Maraya ya zauna da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana yin muryar miji yana yin ta mata a waƙa guda, garin ɗan wasan kwaikwayon nan Karkuzu, garin da ɗaliban jami'a ke wasa a fili babu rufi, ga Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997 tana shirya bikin wasanni a harabar Alliance Française da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Mutanen da suka saba da wannan sun san ɗan wasa in sun gan shi.

Wadda ban gamsu da ita ba, kuma ban ji ana maganarta ba, ita ce Ƙoƙi. Muryarta ta fi ta kowa a wasan, babu tantama. Hausa ba harshenta na gida ba ne, amma wannan ba ya damun ɗan Jos, mu da muka tashi muna jin Hausar Birom da ta Angas da ta Ibo a Taminus, kowa da irin tasa. Matsalar daga wanda ya tsara karin waƙoƙinta ne. Ya sa sauti ya hau inda kalma ke sauka, ya ja gaɓar da take gajera, sai ki ji zaƙin murya amma ki rasa abin da ake faɗa. Waƙar da take yi wa Gizo faɗa ita ce ya kamata ta fi ba iyaye mata dariya, amma shiru zauren ya yi, aka tafa don ladabi. Da an zaunar da wani mawaƙin Hausa ya bi baitocin da ita kwana biyu, da an gyara.

Yanzu batun kujera. Ki tambayi mai sayar da tikiti ko kujerun hawa-hawa ne ko a shimfiɗe suke. In a shimfiɗe suke, mai shekara biyar ba zai ga komai daga tsakiya ba sai ƙeyar manya da ɗaurin ɗankwali, kuma hankaki da kogin duk a ƙasa-ƙasa ake yin su. Ki nemi sahun gaba-gaba a bakin hanyar wucewa ta tsakiya, inda zai leƙo ba tare da an tare shi ba, ki kuma tafi da ɗan matashin da zai zauna a kai. Kada tsadar teburan manyan baƙi ta ruɗe ki, sau da yawa su ne a gindin lasifika, ƙarar ta fi ƙarfin kunnen yaro. Can ƙurya ma ba ta yi ba. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, to a dogon zaure mai tayil da bangon siminti, muryar da ta fito daga gaba da wadda ta dawo daga bango sukan iso kunne a jere, kalma ta hau kan kalma. In zaure ya cika abin yakan yi sauƙi, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye amsa-kuwwar, shi ya sa na fi son ranar da ake cika.

Akwai wuri ɗaya da zan ja kunnenki. Bayan Gizo ya faɗa ruwa, ana kashe fitilu gaba ɗaya, kadoji su fito da korayen idanu daga cikin 'yan kallo. Mai shekara tara zai ji daɗinsa ƙwarai. Ƙananan kuwa da yawa sun fashe da kuka a Abuja, har wata uwa ta fita da nata. Ki ba ƙaramin labarin tun a gida, ki gaya masa mutane ne suka sa kaya, in lokacin ya yi ki ɗora shi a cinya. Bai fi minti uku ba.

In akwai na rana da na dare, ki ɗauki na rana. Wasan ya kai awa biyu har da hutu, kuma ba a cika farawa a kan lokaci ba. Ki tambaya ko hutun zai zo daidai da la'asar da kuma inda za a yi salla, domin a Abuja sai da muka fita neman wuri aka koma babu mu. Sanyin Jos kuma ba sai na gaya miki ba, in a fili ne ko an ƙure na'urar sanyaya ɗaki, a sa musu rigar sanyi da safa. In kuma aka ce miki zauren a shimfiɗe yake kuma kujerun baya kaɗai suka rage, ki riƙe kuɗinki ki nemi na washegari.