Amsa ga Hajiyar da take share tsaba a ƙarƙashin wadirof kullum

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na ga tambayarki tun da safe, sai yanzu da na tashi daga aiki na samu zama. Kin ce kuna zaune a Agege, kullum kina share wata tsaba ƙanana mai kalar ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin wadirof ɗinki da gindin ƙofar ɗaki, gari na wayewa ta dawo. Ba ki ga ƙwaro ba, ba ki ga ƙasar gara a bango ba, kuma masu feshi sun zo sun fesa gidan amma babu abin da ya canza. Na ga wasu masu ba ki amsa sun ce ki haƙa gindin bango ki zuba baƙin mai, wasu sun ce Sniper. Don Allah ki dakata tukuna. Ni kafinta ne, na daɗe ina aiki a Legas kafin na dawo Kaduna, kuma abin da kika kwatanta na san shi sarai.

Gara ce, amma ba wadda muka taso muka sani a Arewa ba. Tamu ta gida a ƙasa take zaune, ita ce mai suri, mai zago, ba ta iya rabuwa da danshi, shi ya sa in za ta hau bango ko azara sai ta gina hanyar ƙasa ta bi ta ciki. Wannan taki kuwa garar busasshen katako ce, babu ruwanta da ƙasa ko kaɗan. Uwar, da sarkin, da 'ya'yan, duk a cikin katakon wadirof ɗin suke. A nan suke ci, a nan suke haihuwa, ɗan ruwan da suke buƙata ma daga jikin itacen suke tatsa. Saboda tsananin tattalin ruwa ne kashinsu yake fita a bushe ƙarau, kuma shi ne tsabar da kike sharewa. Idan ya taru ya cika musu hanya sai su huda ɗan rami a jikin katakon, bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, su turo shi waje, su sake toshe ramin. Shi ya sa kike ganin tari a ƙasa amma kin rasa daga inda yake zubowa.

Kafin ki kashe ko sisi, ki tabbatar da idonki, domin abubuwa uku ne suke cin katako a gidajenmu kuma kowanne maganinsa daban. Ki ɗebi tsabar ki zuba a farar takarda, ki murza da yatsa. Idan ta garar busasshen katako ce za ki ji ta da tauri, ƙwaya-ƙwaya kamar tsabar acca, duk girmansu ɗaya, ba ta mannewa a hannu. Ki ɗauke ta hoto da waya ki buɗa hoton sosai: kowace ƙwaya 'yar doguwa ce, bakinta biyu a dunƙule, jikinta da ɓangarori 6 masu ɗan lotsawa. Babu wani ƙwaron katako da yake yin irin wannan. Idan kuwa gari ne mai laushi da yake bin yatsa, kuma jikin katakon cike yake da ƙananan ramuka zagayayyu a buɗe, to wannan ƙwaron katako ne mai fiffike mai tauri, tsutsarsa ce take niƙa itacen. In kuma kin ɓare wurin kin tarar da jar ƙasa ko laka a ciki, to gara ce ta ƙasa, ita ce ake bi ta gindin bango. Daga bayaninki, ta farkon ce.

Masana suna kiran dangin nan Cryptotermes. Akwai wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne, havilandi, akwai kuma brevis da ta fito daga gaɓar tekun Peru da Chile, jiragen ruwa suka yaɗa ta duniya cikin akwatuna da kayan katako. Sun fi yawa a garuruwan bakin teku masu danshin iska, irin su Legas, Fatakwal, Kwatano da Ankara ta Ghana, don haka 'yan uwanmu na zango-zango sun fi mu shan wahalarta. A Kaduna ban cika ganinta ba, kuma inda na gani, galibi in na bi sawu sai in tarar kujera ce ko gado da aka ɗauko daga Kudu.

Yanzu sai neman inda take. Ki fitar da kayan cikin wadirof ɗin gaba ɗaya. Ki duba saitin inda tarin yake, ki bi sama da tocila, domin tsabar a miƙe take faɗowa. Ki ɗauki sukudireba ki riƙa ƙwanƙwasa katakon da bayanta. Lafiyayyen katako ƙararsa a cike take, wanda aka cinye kuwa sai ki ji fanko, wani lokaci har ki ji tsabar tana kwaranya a ciki. Ki danna bakin sukudirebar a hankali. Na taɓa duba ƙyauren ƙofar wani gida a Idi-Araba, fentinsa fes, babu ko tabo, ina dannawa da babban yatsa sai ya lotsa. Da na ɓare fatar, sai na ga ba ta fi kaurin kwali ba, ciki kuwa ɗakuna ne a sassaƙe sumul, babu ɗigon ƙasa, cike da tsaba. Ga su nan farare-farare suna ja da baya, sai sojansu mai baƙin kai da ya zo ya cusa kan nasa a bakin hanya ya toshe ta. Haka suke tsare gidansu, kuma hakan ne ya sa feshin da aka yi miki bai taɓa su ba. Masu feshin nan da yawa bango da ƙasan ɗaki suke jiƙawa su karɓi kuɗinsu, alhali abin yana can cikin itace a kulle. Raina yana ɓaci a kan wannan, saboda mutane suna shaƙar guba a banza.

Kada ki tsaya a wadirof kaɗai. Ki sa a duba firam ɗin ƙofofi da tagogi, ƙafafun gado, ƙarƙashin kujeru, bayan hotunan bango, sannan wani ya leƙa cikin silin ya duba katakon rufi. Ki kuma tuna ko kin taɓa ganin ƙananan fikafikai a bakin taga ko ƙarƙashin fitila da safe. Idan gidan garar ya girma, masu fiffike suna fitowa da dare su bi haske, su zubar da fikafikan, mace da namiji su nemi tsaga a wani katakon su shige. Ta haka take tsallakawa daga wadirof zuwa gado.

Abu ɗaya da zai kwantar miki da hankali shi ne ba ta da sauri. Garar ƙasa tana iya kai dubban ɗaruruwa a gida ɗaya, ta gama da ƙyaure cikin damina guda. Wannan kuwa ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai, kuma sai ta shekara kusan 4 ko 5 a cikin katako kafin ta fara fitar da masu fiffike. Kina da lokacin yin abu a tsanake.

Batun magani, ga yadda nake yi. Idan allo ɗaya ko biyu ne suka lalace, musamman falankin baya na wadirof da ƙafafu, a cire su a ƙone, a sa sababbi. Kada a jingine su a bayan gida, kada a bai wa maƙwabci. Wannan ya fi kowane magani tabbas, kuma sau da yawa ya fi araha. Idan fiye da rabin wadirof ɗin fanko ne, Hajiya, ki haƙura da shi. Na san kayan ɗaki suna da shiga rai, balle in na aure ne, amma riƙe shi zai ja miki asarar gado da ƙofofi.

Abin da za a iya fitarwa waje, rana tana yi masa aiki. Garar nan tana mutuwa idan zafin cikin katakon ya kai digiri 49 na ma'aunin salshiyos ya tsaya haka sama da rabin awa. Ki lura, cikin katakon na ce, ba fatarsa ba. A naɗe kayan da baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakinta, a ɗora a kan siminti inda rana take bugawa tun hantsi har la'asar, a riƙa juyawa, a maimaita kwanaki a jere. A Kano ko Sakkwato cikin watan Maris da Afrilu wannan yana ci sosai. A Legas sai an zaɓi lokacin rani, kuma ya fi yi wa siraran alluna da durowa aiki fiye da katako mai kauri. Zafin yana iya ɗaga fomeka ko ya saki gam, ki san da wannan.

Wanda ba ya ciruwa, kamar firam ɗin ƙofa, sai a kai maganin har cikin ɗakunansu. Ana huda ƙananan ramuka da siririn bakin dirila, tazarar kamar faɗin tafin hannu, a duk tsawon wurin da yake ƙarar fanko har a ɗan wuce shi. Za ka ji lokacin da bakin dirilar ya faɗa cikin rami. Sai a ɗura magani da sirinji har ya fara dawowa, a toshe da fila, wato abin da kafintoci suke cike ramin katako da shi. Na fi son maganin gara mai sinadarin fipronil ko imidacloprid, saboda ba sa jin warinsa balle su guje shi, suna bi ta kansa su shafa wa sauran. A haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a duba lambar NAFDAC, a sa safar hannu, a buɗe tagogi, yara su fita. Idan katakon bai sha fenti ko banish ba, kamar na cikin silin, ana shafa masa ruwan sinadarin boras ko maganin katako na Solignum ya tsotsa. A kan fenti kuwa shafawa ɓarnar kuɗi ce, ba ya ratsawa. Baƙin mai ma haka, zai ɓata miki ɗaki da wari ne kawai.

Sai abin da ya sa na ce ki dakata tun farko. Sniper maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, har NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ƙwayar ajiyar wake da hatsi, Phostoxin, da wasu suke cewa a jefa cikin wadirof a rufe. Iskar da take fitarwa tana ratsa tsagar ƙofa da silin ta shiga ɗakin da ke kusa, kuma ta sha hallaka iyali suna barci. A gidan haya irin na Agege, inda bango ɗaya ya raba ki da maƙwabta, wallahi kada ki bari kowa ya kawo ta. A Amurka, a jihohi irin su Florida da California, idan gara ta mamaye gida sukan lulluɓe ginin gaba ɗaya da tanti su saki iskar guba, amma sai an kwashe kowa na kwanaki, masu lasisi ne suke yi, kuma sai sun auna iska kafin a koma. Wannan ba aikin da ake kwaikwayo da ƙwayar kasuwa ba ne.

Bayan an yi magani, ki share wurin tas, ki shimfiɗa farar takarda, ki rubuta kwanan wata a kai. Kwanakin farko tsohuwar tsaba za ta ci gaba da zubowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa ko aka girgiza katakon, wannan ba ya nufin suna raye. Abin dubawa shi ne sabon tari a wuri ɗaya ba tare da an taɓa komai ba, bayan mako 3 ko 4. In kin ga haka, akwai ɗakin da sirinji bai kai ba, a sake huda kusa da wurin.

Idan an tarar ta hau katakon rufi, wannan ya wuce wadirof, ki kira mai gidan ya gani da idonsa, domin sai an canza duk sandar da ta yi fanko. Kuma ranar da za ki ba da aikin sabon wadirof, ki tambayi kafintan da wane katako zai yi. Obeche da sauran farin katako mai laushi su ne abincinta, ga araha ga sauƙin aiki, shi ya sa ake cusa su a baya da ciki inda mai kaya ba ya dubawa. Iroko, maɗaci ko tik sun fi jurewa nesa ba kusa ba. Ki ce a shafa maganin kafin a haɗa, a kuma yi fenti ko banish har baya da ƙarƙashi da bakin yanka, don ta nan suke shiga. Ki sa raga a tagogi. In kin samu dama ki turo hoton tsabar a kan farar takarda tare da hoton bayan wadirof ɗin, in sha Allahu zan faɗa miki ko na gyara ne ko na fitarwa.