Ga mai son raka yaran talakawa zuwa jami'a

Wa alaikumus salam. Malama, kin ce ke da abokan aikinki uku kuna so ku haɗa kuɗi ku saya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandaren gwamnati da ke unguwarku fom ɗin JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, kuma kina tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, da ta inda ake farawa. Allah Ya saka muku da alheri. Shekara bakwai ke nan ina wannan hidima tare da wasu tsofaffin ɗaliban makarantarmu, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Shekarar farko mun yi daidai abin da kuke shirin yi. Muka tara kuɗi, muka saya wa yara ashirin fom, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Da shekara ta zagayo na bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar uku kaɗai suka shiga makaranta. Abin da ya hana ni barci shi ne, cikin waɗanda suka rage akwai da dama da suka ci maki mai kyau. Wani kwas ɗin da ya cike bai dace da darussan da ya zauna ba. Wata sunanta na fom ɗin JAMB daban, na sakamakon NECO daban. Wani kuwa an ba shi gurbin, bai sani ba har lokaci ya wuce, domin layin wayar da aka yi masa rajista da shi na mai shagon kwamfuta ne. Duk cikinsu babu wanda yake da yaya ko kawu da ya taɓa bin wannan hanya. Ɗan mai hali a gida ake gaya masa waɗannan abubuwa ana cin tuwo. Ɗan mai tura baro kuwa sai ya faɗa ramin kafin ya san da shi.

Saboda haka shawarata ta farko, ku rage yawan yaran. Ku huɗu ne, kowa ya ɗauki uku ko huɗu, ya riƙe su tun daga zangon farko na SS3 har ranar da suka gama rajista a makaranta. Aikin kusan wata goma sha biyar ne, wani lokaci ya fi.

Ku fara da takardu, tun kafin a buɗe sayar da fom. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaro zai tura lambarsa ta NIN mai lamba goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019, a turo masa lambar da zai sayi fom da ita, kuma sunan da ranar haihuwar da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, su ne za su hau fom ɗin. Mu nan mun san yadda sunayenmu suke: Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a makaranta, a wata takardar sunan mahaifi, a wata sunan gari. Ku shimfiɗa takardar NIN, da ta haihuwa, da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC ko NECO, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ku duba harafi da harafi. Gyara yana cin kuɗi da makonni, gara a yi shi a watan Oktoba da a tsaya yi ana saura kwana uku a rufe. Layin waya kuma ya zama na yaron ko na mahaifiyarsa, wanda ba zai ɓata ba, a riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne don kada a rufe shi. Ni littafi nake da shi, kowane yaro da shafinsa: lambar waya, imel, kalmar sirri, lambar rajista. Shi ma ina sa shi ya kwafa ya kai gida.

Inda ya fi cin lokacina shi ne zaɓen kwas da makaranta, kuma nan ne ake buƙatar mai gaya wa yaro gaskiya. Cikin yara goma 'yan kimiyya, bakwai likita za su ce miki, sauran injiniya, kuma duk Bayero ko Ahmadu Bello suke so. Buri ba laifi ba ne. Amma jarrabawar maki 400 ce, tambayoyi 180 cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku. A ta 2025, cikin mutum wajen miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a shekarar 150 ne, sai yaro ya ji haka ya ɗauka da 170 zai karanci likitanci, alhali wannan ƙofar gida ce kawai, kowace jami'a da kowane sashe da nasu makin. Ku kuma fahimtar da su yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, wanda yawancin jihohinmu na Arewa suna ciki. Yaron da ya san wannan zai ga cewa jami'ar tarayya ta Dutse ko Dutsin-Ma ko Kashere ko Gusau ko Gashuwa, ko ta jiharsa, na iya zama masa hanya mafi kusa. Littafin kwasa-kwasan JAMB yana shafinsu na intanet kyauta, ku buɗe shi tare da yaron. Mai son lauya, misali, sai da adabin Turanci, kuma na sha ganin makarantar da ba ta da malamin wannan darasi kwata-kwata, yara ba su sani ba sai ranar cike fom.

Kada kuma ku raina kwalejin ilimi da foliteknik da makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Akwai yarinyar da ta yi kuka a gabana da na ce ta sa kwalejin ilimi. Ta yi NCE, ta koma jami'a kai tsaye a aji biyu, yanzu tana koyarwa, ita ke biya wa ƙannenta. Akwai kuma hanyar IJMB, karatun da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye, da makarantun share fagen shiga jami'a, irin ta Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ga wanda makinsa bai kai ba.

Kwamfuta ma ku sa ta a lissafi. Tun 2015 a kwamfuta ake jarrabawar gaba ɗaya, kuma yawancin yaranmu ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu zai taɓa ta. Tsohuwar laftof guda ta isa. Ranar Asabar nake tara nawa a zaure, kowa ya yi awa guda da tambayoyin shekarun baya, agogo na tafiya. Fargabar da ke fita daga zuciyar yaro a nan ta fi lesin ɗin wata guda.

Bayan sakamako ya fito, a nan yawancin masu taimako ke janye jiki, a nan kuma yara suka fi zubewa. Sai an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba. Wanda ya cike fom yana jiran sakamako, in bai koma an ɗora masa ba, ba za a duba shi ba ko nawa ya ci. Sai rajistar tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda wani lokaci kwanaki kaɗan ake bayarwa. Sai duba CAPS, tsarin da JAMB ta kawo a 2017, inda yaro zai danna da kansa cewa ya karɓi gurbin, kuma da wa'adi. Duk Juma'a nake duba wa nawa. Wanda duk ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, ku guje shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba zai dawo wa yaro da matsala lokacin tafiya bautar ƙasa.

Sai iyaye. Kuskuren da na yi da farko shi ne ina magana da yara ban je gidajensu ba. Wata yarinya ta samu gurbi a fannin haɗa magunguna, mahaifinta ya ce ba inda za ta. Na ji haushi ƙwarai, har na je muka zauna a ƙofar gidansa bayan La'asar. Ashe mutumin ba ƙin karatu yake ba. Bai san inda za ta kwana ba, bai san nawa za a nema a wurinsa ba, kuma yana jin nauyin ya ce ba shi da shi. Da matata ta ɗauki mahaifiyar suka je suka ga ɗakin kwanan mata da idonsu, aka kuma rubuta masa kuɗin shekara a takarda, shi da kansa ya raka ta tasha. Tun daga nan ba na ɗaukar yaro sai na gaisa da mahaifinsa ko wanda ke riƙe da shi. Ku da kuke mata za ku shiga har cikin ɗaki, inda ni ba zan iya ba, kuma wannan babbar dama ce. Mazan da za su taya ku su riƙe maza, kada a keɓe da 'yar mutane, a kiyaye mutuncin kowa.

Kan kuɗi, abin da kuka tara ku raba shi biyu, kaso mafi girma ku ajiye don ƙarshe. Kuɗin karɓar gurbi, da rajista, da mota, da katifa, da ɗan garin kwaki na watan farko, su ne ke kayar da yaro a bakin ƙofa. Akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, wanda shi ne abin da iyaye ke fara tambaya. Makarantar ake biya kai tsaye, ana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai ɗalibi ne ke nema bayan ya samu gurbi, kuma ba ranar da aka nema yake fitowa ba, don haka kuɗin farko yana wuyanku. Ku leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku ma, ku riƙe ranakun da take buɗewa. Kuɗin mutane kuma ku rubuta shi sisi da kwabo, ku riƙa biya da kanku kuna ajiye rasit.

Wasu za su faɗi, wannan ba makawa. Ina da yaron da sai a karo na uku ya samu, tsakanin nan yana gyaran waya a kasuwa, ina kiransa duk wata don kada ya saki littafi. Yana aji uku yanzu a fannin aikin gona.

In kun shirya, ku fara zuwa wurin shugaban makarantar a wannan makon, ku roƙi ya haɗa ku da malamin da ke kula da rajistar jarrabawa, shi ya san yaran da ke da ƙoƙari amma babu mai tsaya musu. Ki yi min magana ta gefe in turo miki hoton yadda na tsara shafin littafin nawa.