Kunama ko harsashi: wanne ke ɓata saiti?

Malam, ka ce kana harbin allo a wajen Tahoua da bindigarka mai izini, irin mai ɗura kanta bayan kowane harbi, amma harsasai na watsewa, kana tambaya ko kunama ce ko harsashi. Duka biyun na da hannu, sai dai ni harsashi nake fara tuhuma.

Kunama, wato abin da kake ja da yatsa don bindiga ta tashi, ba ta canza tafiyar harsashi, hannunka take ruɗa. Irin ta bindigogin soja kan buƙaci matsin kilo 2.5 zuwa 4, kuma in tana da kaushi, sai ka fizge ta ba ka sani ba. Duba lissafin: a bututu mai santimita 50, in bakin bututun ya goce milimita 1 kacal, a mita 100 kuskuren ya kai santimita 20. Kada ka goge ta da kanka don ta yi laushi, tana iya tashi babu shiri. Ka kai wa ƙwararre.

Harsashi kuwa, in albarushin cikinsa ko nauyinsa bai zo ɗaya ba, gudunsa zai bambanta, wani ya sauka sama wani ƙasa. Ga zafinmu na Afrilu: harsashin da kwalinsa ya wuni cikin mota, har ƙarfen yana ƙona yatsa, ya fi na inuwa gudu.

Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka harba biyar-biyar da kowane irin harsashi, kada ka gauraya kwali. In sun taru a kan buhu amma sun watse a hannu, to ka koma kan kunama da yatsanka.