Hukuncin aikin alƙalancin ƙwallo da kuɗin da kulob ke ba rafali

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamin firamare ne kuma ina alƙalancin ƙwallo, yanzu ina hura wasannin jiha, burina in kai gasar Firimiyar Najeriya har in samu bajen FIFA in Allah ya yarda. Wani abokina yace min aikin nan kafirci ne wai hukunci ne da dokar da ba ta Allah ba, abin ya hana ni barci. Sannan wani lokaci in an tashi wasa masu masaukin baƙi sukan ba mu ɗan ambulan suce kuɗin mota ne, ko sun ci ko ba su ci ba, alawus ɗinmu kuma yana jinkiri. Meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ya hana ka barci ba shi ne abin tsoro a tambayarka ba, abin tsoron shi ne wanda ka sako a ƙarshe kamar ba komai ba, wato ambulan ɗin nan. Amma bari mu fara sauke maka nauyin maganar abokinka.

Asalin aikin halal ne, ijara ce, an ɗauke ka ka tsare dokar wasa a biya ka. Maganar cewa kafirci ne ba abokinka ya ƙirƙiro ta ba, akwai masu faɗinta suna kafa hujja da aya ta 44 cikin Suratul Ma'ida, kuma magana ce mai rauni sosai. Ayar tana magana ne akan wanda ya ture hukuncin Allah a inda Allah ya yi hukunci. To ina hukuncin da Allah ya saukar akan satar gida ko bugun kusurwa da har za'a ce ka ture shi? Dokokin nan 17 da IFAB ke kula da su, wato hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo tun 1886, sharuɗɗa ne da masu wasa suka yarda da su kafin su shiga fili, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu matuƙar ba su halatta haram ba. Kuma sanya ƙa'ida a gasa yana da asali a sunna, hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya shirya tseren dawakai, waɗanda aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba'a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Kaga an ware aji, an sa mafari an sa maƙura, kuma dole a samu mai cewa wane ne ya riga. In har maganarsu ta tabbata to mai raba kokawa da mai tsaron jarrabawa da mai ba da hannu a titi duk sun fita musulunci kenan, babu malamin kirki da zai faɗi haka.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce suce ɗan wasa ya karya ƙafar wani, shari'a tace ƙisasi ko diyya, kai kuma ka ɗaga jan kati ka rufe magana. Amsa ita ce ba ka rufe komai ba. Jan kati kora ce daga fili don wasa ya ci gaba lafiya, ba ka ce haƙƙin wanda aka karya ya faɗi ba kuma ba ka da ikon faɗin haka, yana nan zai iya bin haƙƙinsa a gaban alƙalin shari'a ko ya yafe. Ka gaya wa abokinka cikin ladabi ya ji tsoron Allah da harshensa, jifan musulmi da kafirci akan irin wannan yafi ƙwallon kanta haɗari.

Yanzu ambulan. Cin hanci haram ne babu saɓani, kai ma ka sani shi yasa ka yi saurin cewa ko sun ci ko ba su ci ba, kuma bayan an tashi. Wannan bai canza komai ba ɗana, domin kulob ɗin nan za ka sake hura musu wasa, su ma sun san haka, wanda ya ba ka yau ajiya yake yi don gobe, ranar da ƙwallo ta taɓa hannun ɗan bayansu a cikin da'irar yadi 18 a minti na 88 zuciyarka za ta tuna kafin bakinka ya kai ga usur. Ka san ƙissar Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya dawo yace wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) yace me yasa bai zauna a gidan iyayensa ba ya ga ko za'a kawo masa kyautar. Da ba kai ke riƙe da usur ba za su ba ka?

Sai dai akwai bambanci guda da nake so ka bincika. Idan masu shirya gasar ne suka rubuta a ƙa'ida cewa mai masaukin baƙi shi zai biya kuɗin mota da masaukin alƙalai, adadi sananne, baƙi ma sun san da shi, to wannan yana cikin ladan aikinka, ka karɓa ba laifi. Idan kuwa a bayan ɗakin canza kaya ake miƙo shi, ba za ka iya rubuta shi a rahoton wasa ba, kuma ba za ka so kocin baƙi ya gani ba, to haram ne komai ƙanƙantarsa. Jinkirin alawus zalunci ne a kanku, ku haɗu ku nema ta ƙungiyarku, amma bai halatta maka wannan ba. Abin da ka karɓa a baya ka tuba, ka mayar in zai yiwu ba tare da fitina ba, in ba zai yiwu ba ka fitar da kwatankwacinsa ga mabuƙata.

Tunda kana hangen bajen FIFA ka san cewa can sama 'yan caca ne ke farautar alƙalai ba kulob kaɗai ba. Joseph Lamptey na Ghana ya kai matakin da kake mafarki, a wasan Afirka ta Kudu da Senegal na neman gurbin kofin duniya a Nuwamban 2016 ya ba da fanareti wai an taɓa da hannu alhali a ƙafar Kalidou Koulibaly ƙwallon ta buga, a 2017 FIFA ta haramta masa alƙalanci har abada, aka sake wasan Senegal ta ci 2-0. In akwai manhajar caca a wayarka ka goge ta yau, ko labarin wanda ya ji rauni kada ka ba mai yin caca.

Kuskuren da ka yi ba da gangan ba babu zunubi, kallo ɗaya gare ka ka ga abin da ka gani cikin daƙiƙa, ko masu na'urar VAR ta sake duba wasa a bidiyo suna kuskure. Amma kada ka ce za ka gyara kuskuren farko ta hanyar ba ɗaya ɓangaren bugun da ba su cancanta ba, na farko kuskure ne na biyu zalunci ne da saninka. Kuma 'yan kallo za su zagi iyayenka, kada ka ɗaga kati kana tafasa, an hana mai hukunci yanke hukunci cikin fushi.

Sallah kuma ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Yawanci ƙarfe 4 ake take wasa, in la'asar ta shiga ka yi ta kafin ka fita ɗumama jiki, in kana kan tafiyar ƙasaru kana da sauƙin haɗa ta da azahar, kada ka bari sai rana ta yi ja. Gajeren wando ka sa dogon matsattse a ƙarƙashinsa ka nemi wandon da ya sauko gwiwa, ka fita daga saɓanin malamai akan ko cinya al'aura ce.

Aikin koyarwarka kada ka sake shi. Alƙalanci da ƙafa ake yi, ranar da ka faɗi gwajin gudu ko gwiwa ta ƙi shikenan, kuma rafalin da yake da albashi a wani wuri shi yafi iya mayar da ambulan. Ka kuma kula kada tafiye-tafiyen wasa su ci haƙƙin yaran da kake koyarwa, ranar da za ka yi fashin aji ka nemi izini a fili.

Wallahu a'alam.