Analiz ɗin da ka faɗi: gyara shi tukuna

Ɗan'uwa daga Marwa ta Kamaru, ka tambaya ko za ka iya ɗage gyaran analiz, darasin lissafi na shekarar farko a jami'a da ka faɗi, ka fuskanci darussan shekara ta 2 tukuna. Kada ka ɗage shi, ka fara da shi, domin a kansa aka ɗora yawancin abin da ke gabanka.

Digirin lisans, wato digirin farko, zango 6 ne, kowanne kiredi 30 (makin da ake tarawa idan an ci darussa), saboda haka babu sararin tara bashi. Ni na ɗage nawa, sai da na kai topoloji, wani darasin lissafi na gaba, na gane cewa maganar iyaka da jerin lambobi ta analiz, wadda na haddace ban fahimta ba, ita aka faɗaɗa, dole na koma tsohon littafina ana tsakiyar zango.