"Pass out": suma ce ko yaye?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙanena ya gama hidimar ƙasa, sai ya rubuta wa wani abokinsa Ba'amurke cewa "I passed out yesterday". Maimakon ya taya shi murna, sai ya tambaye shi ko ya ga likita. Turancin ƙanen nawa ne ya karye? (Daga wata mai karatu a Gusau)

Amsa: Malama, Turancin ƙanenki lafiyarsa ƙalau. Hajar ce ya kai kasuwar da ba a san ta ba.

Turanci yana da ɗabi'ar ɗaukar aikatau ya liƙa masa wata 'yar ƙaramar kalma kamar *out* ko *up* ko *away*, sai ma'ana ta yi tsalle ta bar inda take. Tun a 1755 marubucin Ingila Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci cewa irin wannan haɗi ne ya fi wahalar da baƙi masu koyon harshen. Mu dai bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Wanda ya ci amana bai tauna komai ba, wanda ya sha kashi kuma babu abin da ya ratsa maƙogwaronsa.

Ita *pass* asalinta ba ta Ingilishi ba ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, su kuma Faransawa sun gaje ta daga kalmar Latin *passus*, wato taku. Ma'anarta ta farko wucewa ce. Jikokinta ma suna nan a bakinmu: fasinja da fasfo duk daga gidan suka fito. Idan aka ƙara mata *out* sai a sami wucewa a fita, kuma daga wannan fitar ce sauran ma'anonin suka tsiro.

Wadda Ba'amurken ya ji ita ce suma, mutum ya fita daga hayyacinsa. Wannan ma'ana ba tsohuwa ba ce can, a farkon ƙarni na 20 ta fara bayyana a rubuce. Kafin nan, a ƙarshen ƙarni na 19, akan ce wane ya yi *pass out* ana nufin ya mutu. Yanzu da wuya ki ji wannan, domin *pass away*, wadda ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, ita ta riƙe aikin sakaya mutuwa, kamar yadda muke cewa ya rasu, ya cika, ko ya riga mu gidan gaskiya. Akwai kuma abin da ya kamata ƙanenki ya sani: a Amurka kalmar takan zo da warin giya, don sau da yawa wanda ya bugu har barci ya kwashe shi a inda yake ake faɗa wa ita. Sa'a ya yi da abokin ya kyautata masa zato ya ambaci likita.

Ma'anar da ƙanenki ya nufa kuwa daga barikin sojan Ingila ta fito. A can idan kurata ko ɗaliban hafsoshi suka kammala horo, sai a yi musu fareti na ƙarshe da ake kira *passing out parade*, kamar wanda ake yi a makarantar soja ta Sandhurst, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi horo. Sojan Najeriya ya gaji al'adar da sunanta. Ana yin faretin a Daffo, barikin horar da kurata na Zariya, ana yi a makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da aka kafa a 1964. Da gwamnatin Gowon ta kafa hidimar ƙasa a 1973, da sansaninta da kakinta da atisayenta irin na soja, sai kalmar ta bi matasa ta fito gari. Shi ya sa ɗan Ingila ko ɗan Indiya ko ɗan Ghana zai iya gane ƙanenki, amma sojan Amurka *graduation* yake cewa.

Ni fassarar da na fi so ita ce yaye. Asali jariri ake yayewa daga nono, sannan muka ɗora kalmar a kan ɗalibai da sojoji, kuma ta zauna daram: wadda ta raine ka ta sallame ka, je ka ci da kanka. Haka sauka. A ce yaro ya yi sauka, Bahaushe ya san an kai ƙarshen izu sittin, a shirya walima. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi zai tambaya daga kan me ya sauko.

Saura ma'ana guda, mai sauƙin ganewa. In aka ambaci abin da aikin ya faɗa a kansa, kamar "pass out the papers", to rabawa ake nufi. Amurkawa sun fi faɗin haka, 'yan Ingila sukan ce *hand out*.

Saboda haka idan ƙanenki zai rubuta takardar neman aiki ko gurbin karatu a waje, ya ce "I completed my national service". Ki isar masa da gaisuwata, Allah ya sa albarka a takardar, ya kawo aiki na gari.